Dutsen da Hakama Ta Goya

Can bayan ƙasar Gangaren Maje, inda ciyawa ke ƙarewa rairayi ya karɓi duniya, akwai wani tsauni da ake kira Kar-Ka-Aje. A ƙolinsa akwai wani baƙin dutse, sumul kamar tulu, girmansa bai wuce ƙaramin turmi ba, kuma yana magana. Duk fataken da ke bin wannan yanki sun san sharaɗinsa. Wanda ya ɗauke shi da fitowar rana, ya ratsa da shi tsaunuka da kwaruruka, ya kai shi bakin Gulbin Magajiya kafin rana ta faɗi, bai bari ya taɓa ƙasa ba, to za a ba shi duk abin da ya roƙa. Wanda kuwa ya aje shi, ko na ƙiftawar ido ne, nan take shi ma zai zama dutse, baƙin dutsen kuma ya koma ƙolin tsauninsa yana dariya.

Kun dai san maza. A ce musu abu ya gagari wani, sai kowa ya ce ai don ba shi ya je ba. Haka suka riƙa naɗa gammo suna tafiya, ba wanda ya dawo.

A cikin waɗanda suka tafi har da wani ƙaƙƙarfan ɗan alaro mai suna Talle, wanda sana'arsa ɗaukar wa fatake kaya gari zuwa gari. Uwarsa ta rasu tun yana jariri, yayarsa Hakama ce ta raine shi. Ita ma lokacin ba ta fi tsayin turmi da taɓarya ba, amma da majanyin uwarsu ta riƙa ɗaure shi a baya, ta je rafi da shi, ta yi daka da shi, har ya yi ƙafa. Ranar da zai tafi tsaunin ta tare masa ƙofa, ta ce, "Talle, don goyon da na yi maka kada ka je."

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Yaya, kullum goyo, kullum goyo. Kin goya ni, sai me? Jaki ma yana ɗaukar kaya a baya, ba ya yi wa kowa gori."

Ya ture hannunta ya wuce. Maganar ta soke ta har cikin ƙashi, ta yi rantsuwa ba za ta ƙara ambaton sunansa ba. Sai dai da wani abokin tafiyarsa, wanda tsoro ya koro daga gindin tsaunin, ya dawo ya ce Talle ya ɗauki dutsen kuma dutsen ya koma ƙoli shi kaɗai, Hakama ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tuna da rantsuwa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta buɗe adaka ta ɗauko tsohon majanyin nan, ta cika gora da ruwa, ta kama hanya.

Asuba ta yi mata a ƙolin Kar-Ka-Aje. Wurin ba tsuntsu, ba ciyawa, sai iska mai yanka fuska. Tana tsaye tana haki sai dutsen ya yi magana, muryarsa kamar ana niƙa tsakuwa.

"Wace ce wannan ta tako farfajiyata ba sallama? Ke 'yar Adam, shin mazan ƙasarku sun ƙare ne aka fara aiko mini da mata?"

Hakama ta ce, "Ni ce Hakama ta Gangaren Maje. Sallama kuwa ana yi wa mai gida ne, ba ɓarawon mutane ba. Ƙanena Talle na zo karɓa."

"Ni ne Gandau, ɗan Magajiyar Gulbi. Talle kam na tuna da shi, wuyansa kamar na bijimi, har ya kusa ba ni tsoro. Ki kai ni gulbi kafin rana ta faɗi, ban taɓa ƙasa ba, a ba ki abin da kika roƙa. Ki aje ni, ki bi sahunsa. Kin yarda?"

"Na yarda."

"To naɗa gammonki, ga rana can tana leƙowa."

Hakama ba ta zo da gammo ba. Ta durƙusa ta ba shi baya, ta kai hannu ta jawo shi, ta cicciɓa ta ɗora a gadon bayanta, ta yafa zane ta rufe shi, ta kawo majanyi ta tamke a ƙirji. Ta miƙe tana ɗan girgiza jiki don ya zauna daidai, kamar yadda kowace mace ke yi.

Gandau ya yi tsawa, "Kai! Wane irin wulaƙanci ne wannan? Ni za ki ɗaure kamar jinjiri? Sarakunan ƙarfi a ka suke ɗauka ta!"

Ta ce, "Cewa ka yi kada ka taɓa ƙasa. Ba ka ce a ka ba. Yi mini shiru in ga hanya."

Hanyar saukowa ba hanya ba ce, tsaga ce a jikin dutse, a miƙe kamar bango. Mai kaya a ka, in ya iso nan, hannu ɗaya yana dafe da kaya, ɗaya yana neman abin kamawa, to da wanne zai ceci ransa? Hakama ta leƙa ƙasa ta ga duwatsu jibge a gindin tsagar, kowanne da tsohon gammo a gefensa. Ta tuɓe takalmi ta rataya a wuya, ta juya ta fuskanci bangon, ta fara sauka da hannu biyu da ƙafa biyu. Tana tsakiya Gandau ya yunƙura gefe ɗaya don ya fizge ta. Farcenta ya ɓalle, jini ya bi dutse, amma ba ta saki ba. Da ta sami ɗan wurin tsayawa ta ƙara ja wa majanyin ƙulli, har sai da shi kansa ya yi nishi.

Ta ce, "Na goyi wanda ya fi ka rigima. Ƙara motsi ka gani."

Da hantsi ta fito wani fili da ba shi da iyaka, ƙasarsa farar tsakuwa mai kaifi. Ƙasar Babu-Inuwa ke nan, don tana sa ƙafa a cikinta inuwarta ta ɓalle daga dugaduganta, ta ruga ta bar ta. Rana ta tsaya mata a ka kamar da gayya. Shi kuwa dutsen, rana na hawa nauyinsa na ƙaruwa. Wanda ta ɗauka kamar tulun ruwa yanzu ya zama kamar buhun gero jiƙaƙƙe.

Bakinsa kuma bai huta ba. Ya zagi ƙafafunta, ya zagi garinsu, ya zagi kakanninta ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Ta yi masa kunnen uwar shegu. Can ta gaji ta ce, "Kai da kake da wannan baki, me ya hana ka tafi gulbin da ƙafarka?"

Ya ce, "Bakin uwata ne. Ta aike ni na ƙi, na faɗa mata maganar da ba a faɗa wa uwa. Kalma ɗaya ta furta na tsinci kaina dutse a ƙolin tsauni. Ta ce ba zan ga gida ba sai a ɗauke, ni da nake ganin na fi ƙarfin kowa. Tun da ni na zama dutse, kowa ma ya zama."

Hakama ta ce, "Ashe duk halinku ɗaya." Ta ci gaba da tafiya.

A tsakiyar filin nan wata bishiyar gawo ta taso daga nesa tana tafiya a kan saiwoyinta, ta zo ta tsaya a gabanta, ta sunkuyo da wani reshe mai baki biyu, irin wanda 'yan alaro ke jingina kaya su huta.

Bishiyar ta ce, "Sannu da hanya, baiwar Allah. Ɗan jingina shi a nan ki miƙe bayanki. Reshe ai ba ƙasa ba ne, sharaɗi bai karye ba."

Wallahi ta so ta yarda, don bayanta kamar ana sara shi da gatari. Sai ta lura ba tsuntsu ko ɗaya a kan bishiyar, ga kuma gammaye sun maƙale a saiwoyinta. Ta kai ɗan yatsa ta taɓa reshen, ya marmashe ya zube, ashe yumɓu ne busasshe.

Ta ce, "Allah ya ba ki wani baƙon, ni na wuce."

Bishiyar ta bi ta da ƙaya kamar ruwan sama. Hakama ta ruga a sunkuye, ƙayoyin suka cika mata damtse da sha-raɓa. Ba ta tsaya cirewa ba sai da ta bar filin.

Rana tsaka dutsen ya ɗauki zafi. Da fari kamar jikin mai zazzaɓi, daga baya kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Ta ji fatar bayanta tana tashi. Gorarta saura ɗan ruwa a gindi, maƙogwaronta kuwa ya bushe har yawu ya ƙi haɗiyuwa. Ta dubi gorar, ta yi tsaki, ta kai hannu ta bayan wuya ta tsiyaye masa ruwan duka. Ya yi cuu, tururi ya tashi, ta ji yana zuƙar ruwan kamar busasshiyar ƙasa. Kada ma wani ya ce tausayi ne. Don ta ceci fatarta ta yi, kuma tana yi tana tsine wa ranar da ta san shi.

Gandau ya ce, "Wawuya. Yanzu me za ki sha?"

Ta rataya gorar ba komai a ciki, ta ci gaba da tafiya.

Da azahar hanya ta gangara wani kwari mai goriba da inuwa mai sanyi. A tsakiyarsa ga rijiya, ga mata kewaye da ita, kyawawa, sun sha kitso da lalle, suna jan guga ruwa na zuba garai-garai. Suna ganinta suka taso da fara'a.

Babbarsu ta ce, "Maraba da baƙuwa, lale, lale! Sannu da rana, sannu da ƙoƙari. Kawo mu sauke miki kayan, ki zauna a tabarma ki sha ruwa."

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san nauyin wannan magana. Baƙo ya iso, a tarye shi a sauke masa kaya, a ba shi ruwa, ya ƙi? Ai ya zagi masu gida. Nan mazaje da yawa suka halaka, ba don ƙishi kaɗai ba, har da kunya. Hannun Hakama har ya kai kan ƙullin majanyi. Sai kalma ɗaya ta tsaya mata a rai. Kaya suka ce. Wace mace ce za ta ga 'yar'uwarta da zane a baya da majanyi a ƙirji ta ce mata kaya? Mace ta gari sai ta ce sannu da goyo, ta leƙa ta tambayi lafiyar ɗan baya. Ta dubi bayansu, ba mai goyo ko ɗaya. Ta dubi ƙasa, ga kofato yana leƙowa ta ƙarƙashin zane.

Ta ce da muryar da ta dushe, "Na gode, 'yan'uwa. Amma a garinmu mai goyo in tana sauri a tsaye ake ba ta ruwa. Ku miƙo mini ƙwaryar."

Fara'a ta gudu daga fuskar babbar. Ta ce, "A nan ba a shan ruwanmu sai an sauke."

"To ku riƙe abinku."

Nan take kitso ya zama gashin ƙeya, lalle ya zama farce, matan suka rikiɗe kuraye, rijiyar ta zama ramin toka. Suka kewaye ta suna kuka mai kama da dariya. Ba su da ikon taɓa mai ɗauke da ɗan Magajiya, sai dai su firgita shi ya yar da dutsen da kansa. Suka riƙa kawo cafka dab da ƙafarta, warin bakinsu na bugun hancinta. Hakama ta kafa ido a kan wata goriba da ke can gaba, ta riƙa jefa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, har kukan ya koma baya.

Daga nan hanya ta faɗa cikin busasshen kogi, yashi zalla, gaɓa ta dama da ta hagu duk sun miƙe sun fi ƙarfin hawa. La'asar ta yi. Gandau ya ga abin na neman wuce saninsa, sai ya sake dabara, ya ɗauki muryar Talle tsaf.

"Yaya, kin goya ni, sai me? Jaki ma yana ɗaukar kaya."

Hakama ta yi tuntuɓe, saura kaɗan ta kife. Duk zagin yinin nan bai taɓa ta ba, wannan kuwa ya sa hawaye suka zubo mata, ita da ba ruwa a jikinta.

Gandau ya ce, "A kan hanyar nan ya ba ni labari, yana dariya. Wannan za ki kashe kanki dominsa? Kwance ni ki huta. Dutse ba ya jin ciwon magana."

Ta share fuska da gefen zane ta ce, "Tsakanina da shi ne. In na karɓo shi na ja masa kunne da hannuna. Kai ba ka isa ka shiga ba."

Sai ya yi wata irin ƙara da ta amsa a cikin tsaunuka. Hadari ya haɗu can bisa Kar-Ka-Aje, baƙi ƙirin, alhali inda take ko ɗigo babu. Ba a jima ba ta ji ƙasa na rawa. Ta waiga, ga ruwa ya taho ta cikin busasshen kogin, ja wur, tsayinsa ya fi soro, yana turo itatuwa da duwatsu. Ba wurin gudu. Wata tsohuwar goriba ce kaɗai a tsakiyar yashin. Ta ruga ta rungume ta da hannu biyu, ta sarƙe yatsu.

Ruwan ya buge ta kamar an jefe ta da katanga. Ya kai mata ƙugu, ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Duwatsu na wucewa suna gurnani a ƙarƙashinsa, ta san mazajen nan ne ruwa ke mirginawa zuwa gulbi, wataƙila har da nata. Sai ta ji ƙullin majanyi yana zamewa. Hannu ba dama ta saki. Ta sunkuyar da kai cikin ruwan, ta cafki bakin majanyin da haƙora, ta datse. Haka ta tsaya, ruwa na shiga hancinta, dutse na ja baya, haƙora na ja gaba, har ambaliyar ta gaji ta wuce. Ko ba komai ta sha ruwa, ko da rabinsa laka ne.

Da ta fito jikinta duk rauni, takalmi ya tafi, haƙori ɗaya yana girgiɗi. Rana ta yi ja ta karkata. Ƙafafunta suka ce ba su san zance ba. Don ta lallashe su, ba don kowa ba, ta fara wata 'yar waƙa da ta saba yi tana yarinya in ta dawo daga rafi Talle na kuka a bayanta, tana taka ƙasa daidai da ita:

"Yi shiru ɗan baya, yi shiru,
Hanya ta san ƙafata,
Rana ta san goshina,
Kai dai ka san bayana."

Gandau ya ce ta rufe masa baki. Ta ƙara ɗaga murya. Ya yi zagi, zagin ya koma gunaguni, gunagunin ya koma shiru. Can sai ta ji minshari. Aljanin da ya shekara aru-aru bai runtsa ba ya yi barci a bayan Hakama.

Kada ku ce ta sami sauƙi. Ku tambayi kowace mace, yaro in ya yi barci a baya ya fi nauyi. Dutsen ya saki jiki gaba ɗaya, ta ji wani abu ya yi ƙas a gadon bayanta, ta rusuna kamar mai tsintar gyaɗa. Ta sami wani karyayyen reshe ta dogara, ta ci gaba a haka, idonta na ganin ƙasa kawai.

Rana na gab da taɓa ruwa ta iso Gulbin Magajiya. Faɗinsa ba a hango ƙarshe, gaɓarsa cike da duwatsun da ambaliya ta tara, ruwa ya goge su sumul, ba mai fuska ba mai suna. Ta shiga ruwan har gwiwa. Gulbin ya dare biyu, wata tsohuwa ta fito, doguwa, furfurarta na jan ruwa, kada biyu na biye da ita kamar karnuka.

Tsohuwar ta ce, "Ni ce Magajiyar Gulbi. Wace ce ta dawo mini da abin da na jefar?"

"Ranki ya daɗe, Hakama ce ta Gangaren Maje. Na cika sharaɗi, bai taɓa ƙasa ba. Ƙanena Talle nake roƙo."

Gandau ya farka. Ya yi dariyar da ta sa kadojin suka ja baya. "A ba ta! Na ce za a ba ta abin da ta roƙa, ban ce za ta koma gida da shi ba. Doka ce a ƙarƙashin ruwa, wanda ya yi wa ɗan sarauta dako ya zama bawansa. Ita da ƙanen nata su shigo su yi mini bauta har duniya ta naɗe."

Magajiya ta ce, "Dokar haka take, 'yar Adam. Mai dako bawa ne. Kina da magana?"

Hakama ta ji duniya na juya mata. Duk wahalar nan ashe rami ta yi ta haƙa wa kanta. Ta dafa ƙirji don ta tsayar da zuciyarta, hannunta ya sauka a kan ƙullin majanyi. Sai ta ɗago kai iyakar yadda bayanta ya bari.

"Ranki ya daɗe, a tambaye shi. A ka na ɗauko shi ko a baya?"

Gandau ya ce, "Wane bambanci ke nan? Ɗauka ɗauka ce."

"A wurinku wataƙila. A wurinmu abin da aka ɗora a ka da gammo shi ne kaya, mai ɗaukarsa ɗan dako. Abin da aka ɗaure a baya da majanyi kuwa ɗa ne, mai ɗaukarsa uwar goyo. Ranki ya daɗe, wannan majanyin uwata ne. Jikinsa ya yi zafi na ba shi ruwana na ƙarshe, ya sha. Ruwa ya zo zai tafi da shi na riƙe shi da haƙori. Na yi masa waƙa ya yi barci har da minshari. Ya musa in ƙarya na yi."

Magajiya ta dubi dutsen ta ce, "Gandau, ka yi barci a bayanta?"

Dutsen ya ƙara lafewa cikin zanen kamar mai neman ɓuya.

Hakama ta ce, "Ban goya ka don ina ƙaunarka ba, Allah ya sani. Amma goyo ya riga ya goyu. Ka taɓa jin inda ɗa ya bautar da uwar da ta goya shi? Kai da bakinka ka gaya mini abin da kalma ɗaya ta uwa ta yi maka. To har yanzu kana bayana, ban sauke ka ba. In buɗe baki in ce ban yafe maka goyona ba?"

Ta ji dutsen yana rawa a bayanta kamar ɗan akuya a ruwan sama.

"Kada ki faɗa!"

"Kada wa ta faɗa?"

Rana ta ƙara nutsewa. Sannan ya ce a hankali, "Kada ki faɗa, Inna."

Magajiya ta yi wata dariya da ta ta da igiyar ruwa. Ta ce, "Na haife shi bai taɓa sassauta mini murya haka ba. Sauke shi, uwar goyo. Ke da naki ba mai taɓa ku."

Hakama ta kwance majanyi. Dutsen ya faɗa ruwa, ya tashi ƙaton saurayi baƙi, kansa na neman taɓa gajimare, ya durƙusa a gabanta dole, yana cin magani. Amma mugun hali ba ya fita rana ɗaya. Ya nuna gaɓar da duwatsu suka cika ya ce, "Mutum ɗaya nake iya tayarwa a yini, Inna, alkawarinki kuma yana mutuwa da faɗuwar rana. Ni duk kamarsu ɗaya a wurina. Nuna naki."

Rana saura ɗan jan baki a kan ruwa. Hakama ta dubi duwatsun, ba wanda ya bambanta da wani. Ta kira Talle, ba amsa. Ta shafa wannan ta shafa wancan, duk sanyinsu ɗaya. Tsoro ya kama ta irin wanda bai kama ta a gaban kuraye ba. Sai ta juya, ta jingina ɗanyen bayan nan nata da dutse na farko. Ba shi ba ne. Ta ja jiki zuwa na gaba, da na gabansa, tana barin jini a jikin kowanne. Can gefen ruwa ta jingina da wani, ta ji ya zauna mata daidai, ya ɗan karkata hagu, yadda wani jariri ya saba kwantar da kai a kafaɗarta ta hagu.

Ta ce, "Wannan ne."

Gandau ya taɓa shi yana tsaki. Dutsen ya tsage, Talle ya faɗo yana tari, rana ta nutse.

Hakama ta juya ga aljanin ta ce, "Wancan alkawari ne, an gama. Yanzu kuma aike ne. Duk waɗannan kowanne akwai bayan da ya goya shi. Kullum ka ta da ɗaya har su ƙare. Ko za ka ƙi aiken uwa karo na biyu?"

Bai ƙi ba. Shi ya sa aka daɗe a wannan yanki, duk yamma sai a ga wani ƙato ya fito daga kwari a rikice yana tambayar ina gammonsa.

Talle kuwa ya tsaya yana kallon matar da ke gabansa. Bai gane ta ba da farko. Ya bar yayarsa a miƙe kamar kara, ga wata a dunƙule kan sanda, ƙafa duk jini, baya ya saɓule. Sai ya ga majanyin a hannunta.

Ya ce, "Yaya?"

Ta yi niyyar ta miƙe ta ja masa kunnen da ta yi alkawari. Bayan ya ƙi miƙuwa, kuma bai ƙara miƙuwa ba har ƙarshen ranta. Hannunta bai ko kai kafaɗarsa ba. Ta ce, "Jakin nan ne ya zo ɗaukar kayansa. Wuce mu tafi, gida da nisa."

Ƙaton nan da wuyansa ya kusa ba aljani tsoro ya fashe da kuka kamar ranar da aka yaye shi. Ya karɓi majanyin daga hannunta, ya juya, ya durƙusa a yashi ya ba ta baya.

Ya ce, "Yaya, hau."

Ta ce, "Ba ka iya ƙulli ba."

"Ki koya mini."

Ta hau. Ya ɗaure ƙullin a karkace, ta sa ya kwance ya sake har sai da ya yi daidai. Suka juya wa gulbi baya suka nufi Gangaren Maje, yana taka ƙasa a hankali don kada ya girgiza ta. Ba su yi nisa ba ya ji nauyinta ya ƙaru, ya san ta yi barci.